Littafin aiki: fendojin baya da gyaran kayan bugun ƙarfe

6 ga Janairu

Motar ƙarama ce mai kujera biyu a kan tsohon shasi. Tun da aka canja mata aksul na baya aka sa mai faɗi, tayoyin suka leƙo waje da kusan santimita 6 ta kowane gefe, fendojin asali kuwa ba sa rufe su. Hanya mai sauƙi ita ce a tsaga tsofaffin, a ƙara musu tsiri, a lafta fila a kai, wato ƙullin da ake cike ramukan bodi da shi. Ban yarda da ita ba, domin duk inda fila ta yi kauri, ko ba daɗe ko ba jima sai ta tsage. Sababbi zan buga daga falle, hagu da dama, kuma so nake su fito iri ɗaya sak.

Na jima ina auna alminiyom da baƙin ƙarfe. Alminiyom ya fi daɗin bugu, nauyinsa kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, shi ya sa masu ƙera bodi na Italiya suka riƙe shi. Kamfanin Touring na birnin Milan ya yi rajistar tsarin Superleggera a 1936: siraran bututai ake haɗawa su zama ƙashin mota, sannan a lulluɓe su da fallen alminiyom da aka buga da hannu. Da wannan tsari aka yi bodin Aston Martin DB4 a 1958. Amma tawa motar bodinta ƙarfe ne, waldar da muke yi ba ta haɗa ƙarfe da alminiyom, kuma in suka zauna tare ga danshi, alminiyom ɗin ne ke cinyewa. Na tsaya a kan fallen ƙarfe mai kaurin milimita 1, samfurin DC04, wanda aka yi shi don ya jure miƙewa bai tsage ba. Mai rufin tutiya ko kallonsa ban yi ba, hayaƙinsa wajen walda cuta ne.

Kayan da ke hannu: kututture mai ramuka biyu, jakar fata cike da yashi, gudumomin katako da na roba mai tauri, doli iri-iri na tokare bayan falle, na'urar tsuke baki da ta miƙa baki, injin fitar da layi, sai wilin Ingila, wato injin da ake mirgina falle tsakanin wilinsa na sama da na ƙasa don a miƙa shi a share shi, wanda na haɗa da kaina daga bututu mai kusurwa huɗu. Shi kaɗai ne bai taɓa ganin babban aiki ba.

10 ga Janairu

An haɗa ƙwarangwal, wato siffar fendar da katako, wadda za a riƙa gwada falle a kanta. Filawud mai kaurin milimita 18, haƙarƙari ɗaya a kowane santimita 15, duk suna shiga tsagi a jikin katako guda na tsakiya. Ban sa gam ba, sukurori kawai, don in an gama hagu a warware a juya haƙarƙarin a sami dama. Ba a bugu a kansa. Aikinsa ya nuna inda falle ya zauna da inda bai zauna ba, shi ya sa na bar manyan kafofi da zan riƙa leƙawa ta ciki.

14 ga Janairu

Na lulluɓe ƙwarangwal da takarda mai laushi, ina kafe ta da ƙananan ƙusoshi. Takarda tana lanƙwasuwa ta fuska guda, amma ba ta yin doro ta fuska biyu a lokaci ɗaya, don haka duk inda fendar ta yi ƙoƙo sai ta tattare a baki. Bayanin da ake nema ke nan. Inda takarda ta taru, ƙarfe ya yi yawa, sai an tsuke shi. Inda sai da na tsaga ta da almakashi kafin ta kwanta, ƙarfe bai isa ba, sai an miƙa shi. Duk sana'ar ba ta wuce waɗannan biyu ba, sai lanƙwasa, wadda ita ba ta taɓa kaurin falle.

Na raba fendar gida uku: sama, gefe, da wutsiya, inda take juyawa ta haɗu da bodi. Layukan walda a kan doro na aje su, ba a shimfiɗaɗɗen wuri ba, saboda doro ya fi jure zafi bai murɗe ba. Na kuma tabbatar hannuna da doli za su kai bayan kowane layi.

16 ga Janairu

Yankan falle, da rarar santimita 2 a kowane baki. An wanke man da ke jikinsa, an bi bakunan da magagari.

20 ga Janairu

Yau kututture da guduma. Gutsuren sama shi ne mai zurfi, kuma hanya biyu ce: ko a yi ta dukan tsakiya a kan jakar yashi har ta kumbura, ko a tsuke baki. Ta farko ta fi sauri, sai dai tana sirantar da tsakiyar, wurin da magagari zai bi daga baya. Mafi yawan zurfin daga baki na ɗauko shi, kaɗan daga tsakiya.

Ga yadda tsukewar hannu take. Ana zura bakin falle tsakanin yatsun ƙarfe biyu, a murɗa hagu, a murɗa dama, sai tudu ya tashi mai faɗi a baki mai tsini ta ciki, kamar tattarar da tela ke yi a ƙugun siket. A kwantar da shi cikin ramin kututture, a ɗan danne bakinsa tukuna don kada ya buɗe ya koma yadda yake. Sannan a fara duka daga tsinin ciki ana korowa waje. Bangon ramin ya tokare shi ta gefe biyu, ba shi da wurin gudu, sai ƙarfen ya shige cikin kansa. A hannu ma ana jin lokacin da ya kama: dukan ya daina tsalle, ƙarar ta dushe. In tudun ya cika tsawo da siranta, kifewa zai yi ya ninke, ninki kuwa tsaga ce ke jiran lokacinta. Da na auna bayan an gama, baki ya tashi daga milimita 1 zuwa 1.2 da ɗoriya, tsakiya ta sauka 0.9.

Yatsun ƙarfen sun bar zane mai zurfi a gindin kowane tudu. Da yamma na zagaye gefensu, na goge su har suka yi sulɓi. Gutsuren duk ƙulu-ƙulu ne yanzu, amma ya fara rungumar ƙwarangwal.

25 ga Janairu

Ashe a wili gizo ke saƙar.

Na sa gutsuren don a share ƙulu-ƙulun. Da matsi kaɗan lafiya lau. Da na ƙara matsi don a tada doro, sai layuka suka fara fitowa a jikin falle, kowane layi gefensa ɗaya ya fi ɗaya zurfi, fallen kuma yana janyewa hagu ko da na tura shi miƙe. Na kafa agogon awo a kan wani ƙarfe dabam da ba ya taɓa injin, na ɗora bakinsa a kan hannun sama, wanda ke riƙe da wilin sama, na ɗaure sukurun matsi. Hannun ya ɗaga da fiye da milimita 2. Wannan na yi tsammani. Da na mayar da agogon gefe, sai ga shi hannun ya kauce da kusan milimita 1. Wato firam ɗin buɗewa yake kuma murɗawa yake, wilin sama ya daina zama bisa ƙoƙuwar na ƙasa, da gefe yake cizo.

Dalilin a fili yake. Maƙogwaron injin, wato tazarar da ke tsakanin wilolin da ginshiƙi, santimita 70 ne, hannun da aka kafe gindinsa kuwa, in ka ninka tsawonsa biyu, lanƙwasar da zai yi a ƙarƙashin nauyi iri ɗaya ninkuwa takwas take yi. Bututun da aka yi shi da shi milimita 100 ne a zurfi, 50 a faɗi, bango milimita 4. Ya yi kaɗan ga maƙogwaro irin wannan, kuma ƙara zurfin bututu ya fi ƙara kaurin bangonsa amfani nesa ba kusa ba.

Masu wannan aiki sun rabu a kan batun. Wasu suna son firam ya ɗan yi sifirin, wai ya fi tausayin falle in wili ya hau tudu. Wasu ko motsi ba sa so ya yi. Tsofaffin injunan Ingila, waɗanda aka mirgina bodin motoci da fatun jiragen yaƙi irin su Spitfire da su, zubin ƙarfe ne masu nauyin gaske. A ganina ɗan buɗewa sama ba laifi ba ne, kaucewa gefe kuwa ba ta da wata fa'ida ga kowa. Aikin fenda ya tsaya sai an gyara.

30 ga Janairu

An ɗora bututu na biyu a bayan ginshiƙi da kuma saman hannu, zurfin ya koma milimita 200. Kusurwoyi biyun an rufe su da faranti mai kaurin milimita 6 ta gefe da gefe. Waldar guntu-guntu na yi, ina tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan ina barin ya huce, duk da haka zafi ya ja hannun sama, wilin ya karkace kaɗan. Maimakon in yi ta kokawa da shi da wuta, sai na yanke mariƙin wilin gaba ɗaya, na mayar da shi na kusoshi huɗu a kan faranti, yadda za a iya cusa siraran ƙarafa a ƙarƙashinsa a daidaita shi duk lokacin da ake so. Da haka ya kamata kowane wili na gida ya kasance tun farko.

Gwaji: na shafe fuskar wilin sama da alƙalamin maka, na ɗan matsa, na juya. Inda tawadar ta goge ya fito zare guda a tsakiya, faɗinsa ɗaya har zagaye. Agogo ya nuna ɗagawa milimita 0.6, kaucewa gefe kusan babu.

Gyaran ya cinye bututun da na tanada don ƙafar injin layi. Sai an sake saye.

2 ga Fabrairu

Fenti a firam, giris a sukurun matsi.

6 ga Fabrairu

Layukan sun tafi, amma wani abu ya bayyana da a da suka ɓoye shi. In ka shafa falle da tafin hannu ta tsawonsa, za ka ji ɗan tudu yana dawowa a tazara iri ɗaya. Na auna tazarar, kusan santimita 24. Wilin ƙasa faɗin da'irarsa milimita 75 ne, zagayensa ke nan daidai. Agogo ya tabbatar: yana rawa da milimita 0.15 a kowane juyi. Sauran wilolin ƙasan ma duk da ɗan abin da ba a rasa ba.

Na kwashe su zuwa wurin wani dattijo mai injin fiƙar ƙarfe. Na ce, "Baba, fuskar nake so a sake fiƙewa." Ya ɗora ɗaya a inji, ya juya shi da hannu yana kallon allura, ya ce, "Ɗana, fuskar ba ta da laifi. Ramin boris ne bai zauna a tsakiya ba." Ya gyara ramukan, ya sa sababbin boris, sannan ya fiƙe fuskar kowanne a kan sandar da ta bi ramin nasa. Na roƙe shi ya bar ɗan fili shimfiɗaɗɗe a ƙoƙuwar kowane wili, wajen milimita 12 a mafi kwanciya, milimita 3 a mafi doro, domin filin nan shi ke taɓa falle, kuma in gefensa bai narke cikin doron ba zai riƙa barin layi. Ya kuma ce ƙarfen nasu mai taushi ne, in zan sake wasu in nemi ƙarfe samfurin 4140 a ƙona shi ya yi tauri. Na rubuta.

Gogewar ni na yi: samfefa mai lamba 400, sai 800, sai 1500, sai ƙyalle da man gogewa, har ina ganin fitilar rufi a jikinsu. Ba don ado ba. Duk abin da ke fuskar wili, falle zai kwafe shi. Ƙwayar yashi ɗaya in ta maƙale, hatiminta zai fito a kowane juyi daga wannan baki har wancan. Yanzu tsumma na rataye a jikin injin, ana share wili da falle kafin a fara.

Kawo yanzu wannan ne ya fi cin kuɗi, ya wuce na fallayen duka.

11 ga Fabrairu

Alhamdu lillahi, injin ya zama wani abu dabam. Gutsuren sama ya gama. Wilin ƙasa mafi kwanciya da zai shiga ƙoƙon nake ɗauka, matsi kaɗan, layi kusa da layi har suna ɗan hawan juna, in na kai ƙarshe in juya fallen in ratsa na farkon a gicciye. Ina tsayawa santimita 2 kafin baki, don baki in ya miƙe doron da aka sha wuya a kansa ya zube.

14 ga Fabrairu

Gutsuren gefe. Doronsa kaɗan ne, kuma irinsa ya fi mai zurfi wuya, domin ba shi da ƙarfin riƙe kansa, ƙaramin kuskure kuma ba ya ɓoyuwa a jikinsa. Ƙanena ya riƙe ɗaya bakin don kada nauyin fallen ya lanƙwasa shi a kan wili.

Wani wuri mai faɗin tafin hannu, sama da bakin taya, ya miƙe fiye da kewayensa. In ka danna shi ya faɗa ciki da ƙara, ka sake shi ya dawo. Ƙarfe ya yi yawa a nan, ba shi da inda zai zauna. Ko dai a tada duk kewayen ya kamo shi, wanda zai sa fendar ta fi ƙwarangwal doro, ko a tsuke wurin. Na ɗora faifan ƙarfe mara tsatsa a kan giranda. Ba ya cin ƙarfe, gogayya kawai yake yi, kuma tudu kaɗai yake taɓawa ya ɗumama shi. Wurin da ya yi zafi yana son buɗewa, sanyin kewaye ya hana shi, sai ya ƙara kauri, in aka sa jiƙaƙƙen tsumma ya huce ya tsuke. Ba a barin shi ya yi ja, da ya fara sauya launi ya isa. Bayan 'yan zagaye ƙarar ta ɗauke.

19 ga Fabrairu

Wutsiya ta tsage.

Ita lanƙwasarta ta saɓa wa sauran: ta tsawo tana komawa ciki, ta faɗi tana komawa waje. Irin wannan ba tsakiya ake miƙawa ba, bakuna biyun ake miƙawa a bar tsakiya yadda take. Na sa na'urar miƙa baki. Haƙoranta masu kaifi ne, suna kama ƙarfe su ja shi gefe biyu, kuma zurfin da suke kaiwa bai wuce santimita biyu da rabi ba, don haka duk jan a siririn wuri ɗaya yake taruwa. Ƙarfe kuwa duk sa'ad da aka ja shi a sanyi ƙara tauri yake yi, yana rage haƙuri. Lanƙwasar ta kusa kaiwa, sai na ji ƙas. Tsagar ta taso daga sawun haƙori ɗaya a baki, ta shiga kusan santimita 3, ta wuce rarar da aka bari. Da na auna gefenta, kaurin ya sauka 0.7.

Ana iya walde ta, amma wurin ya riga ya sirance, kuma nan ne ruwa da laka za su riƙa duka. Na ajiye gutsuren don gwajin walda. Rabin falle ya tafi.

22 ga Fabrairu

Gyaran na'urorin baki biyu. Na dushe kaifin haƙoran da dutsen wasa, na zagaye kusurwoyinsu. Na cire mariƙin hannu na haɗa musu feda ta ƙafa da sanda da sifirin, don hannu biyu su zauna a kan falle, a riƙa ɗan cizo ana matsawa maimakon babban cizo a wuri guda. In ana son fuska ta fita ba sawu, ana ninka ƙyallen samfefa a kan bakin fallen, yashin yana kallon ƙarfe, haƙora su ciji ƙyallen. Jan yana raguwa kaɗan, sawun kuwa kusan ya ɓace.

Sabuwar wutsiya da wili na miƙa ta, gajerun layuka masu shiga daga baki zuwa kashi ɗaya cikin uku na faɗinta, matsin yana raguwa in an doshi tsakiya. Na'urar sai a ƙarshe, don ɗan daidaitawa. Baki bai sauka ƙasa da 0.85 ba.

27 ga Fabrairu

Walda. An ɗora guda ukun a ƙwarangwal, an zana, an yanke, an bi da magagari har bakuna suka haɗu ba rata. Waldar TIG na ɗauka, wadda ake sa mata waya da hannu, amfiya 35 zuwa 40, da siririyar waya. Waldar MIG, wadda inji ke turo mata waya, ta fi sauri amma tana fitowa da tauri da tudu, ba ta son guduma, wani lokaci ma tsagewa take in an matsa mata. Ɗigo ɗaya kowane santimita biyu da rabi, kuma kowane ɗigo sai na buga shi a kan doli kafin na gaba, saboda walda in ta huce tsukewa take, ta jawo bakunan su hau juna.

Bayan an ja layin duka, gefen ya lotsa tsawonsa. Ban taɓa lotsawar ba. Shuɗin zaren nan da zafi ya bari shi ne ya tsuke, shi kaɗai na bi da guduma a kan doli, ina jin ƙarar ƙarfe kan ƙarfe, sai lotsawar ta riƙa tashi da kanta.

3 ga Maris

Sharewa. Na yi mabugi daga tsohon sifirin mota, na lanƙwasa masa mariƙi, na goge fuskarsa. Ya fi guduma faɗi, ba ya barin tabo. Tawadar maka a fuskar fenda, magagarin bodi a gicciye sau ɗaya, inda tawada ta rage nan ne rami, a tada shi da doli ta baya. Magagarin don nuni yake, ba don cin ƙarfe ba.

6 ga Maris

Injin layi shi ma farantinsa yana buɗewa, bakin wilolinsa yana kaucewa. An walda masa ƙarfe mai kusurwa a sama da ƙasa, an yi masa ƙafa. Da shi na karya layin bakin taya, sannan na naɗe bakin a kan waya mai kaurin milimita 3. Rarar da ake bari ninki biyu da rabi ne na kaurin wayar, wato wajen milimita 8. A kan kwanar baka sai da aka ɗan miƙa rarar kafin ta yarda ta kwanta. Da wayar ta shige, fendar da ake murɗawa da hannu ɗaya ta tsaya ƙiƙam.

10 ga Maris

Fendar hagu tana kan mota da maƙalai, tayar ta shige ciki, akwai rata ko da sifirin ya nutse.

Kafin a warware ƙwarangwal na ɗauki samfurinta da tef: shimfiɗa ta farko tef mara ƙarfin danƙo, ta biyu mai zaren gilashi a gicciye, aka ɓare, aka barbaɗa hoda a danƙon. Wannan samfuri yana riƙe adadin ƙarfen da ke kowane wuri, kuma in aka juya cikinsa waje ya zama na dama. Da shi zan riƙa gwada kowane gutsure, inda ya yi sako-sako a kan falle akwai sauran miƙawa.

Abin da ke gaba: a juya haƙarƙarin ƙwarangwal, a sayo falle ɗaya madadin wanda ya tafi, a yanka na dama. Ina kuma son haɗa gudumar iska a kan firam mai kama da na wili don share layukan walda, domin su ne suka fi cin lokaci a ta hagu. Maƙogwaronta ba zai wuce santimita 45 ba, bututun mai zurfi tun daga farko, mariƙin na kusoshi. Kwamfireson da ke nan sai na duba ko iskarsa za ta ɗauke ta, kuma ba za a kunna ta ba sai an sayo abin toshe kunne na mutum biyu.